Masu zuwa ajin zane da ginin yumɓu, a rage garaje

Samari da 'yan mata, ku da ke tururuwa zuwa azuzuwan zane da aikin hannu da ake buɗe wa yara da manya, ku saurara. Garaje ne ke ɓata yawancin aiki a wurin nan, sannan a ɗora wa rashin baiwa laifi.

Kada ka jibgo kaya kafin ka ji ta bakin malami. Fensir mai alamar HB da mai alamar 2B sun ishe ka farawa. Fenti kuwa, ja da shuɗi da rawaya da fari kawai. Shuɗi da rawaya za su ba ka kore. Ka cakuɗa ukun farko babu lissafi, sai ka samu wani launi mai kama da taɓo.

In fentin ruwa ne, fara da launi mai haske, ka bari ya bushe, sannan mai duhu ya hau. Takarda ta zama mai kauri, siririya tana shan ruwa take tanƙwarewa. Fentin da ake kira akirilik kuma cikin mintuna yake bushewa, in ya daskare a gashin buroshi, buroshin ya tashi aiki. Wanke shi nan take.

Inda aka fi yin asara shi ne yumɓu. A murza shi sosai har iskar ciki ta fita, kaurin bangon ya zo daidai ko'ina, domin wuri siriri yana riga mai kauri bushewa, a nan tsagewa ke farawa. Za ka liƙa hannun kofi? Karce fuskokin biyu, shafa musu yumɓu mai ruwa-ruwa, sannan ka danna. Wanda ya manna kawai zai tarar da hannun a ƙasa. A shanya a inuwa, a lulluɓe da leda kwanakin farko. Kafin a gasa shi, ɗora shi a kunci: muddin da sanyi, da sauran ruwa a ciki, kuma in ya shiga wuta haka, ruwan zai zama tururi ya fasa shi, har ya raunata aikin maƙwabcinka. Ƙurar busasshen yumɓu illa ce ga huhu, saboda haka da jiƙaƙƙen tsumma ake goge tebur, ba a sharewa.

Sai ku manya da ke zama kusa da yara. Hannunku na ƙaiƙayi, an sani, amma kada ku karɓe fensirin yaro don ku gyara masa. Nuna masa a taka takardar. Wuƙa da reza kuma su zauna a gefenka.