Gwanayen jita: jerin da ke ɗora ɗalibi a kan malaminsa

A shekarar 2011 mujallar Rolling Stone ta Amurka ta ce Eric Clapton ne na biyu a cikin gwanayen kaɗa jita na duk duniya. A watan Oktoban 2023 mujallar nan dai ta sake fito da jerin, ta faɗaɗa shi daga mutum 100 zuwa 250, sai ga Clapton a na 35. Eddie Van Halen yana na 70 a jerin farko da mujallar ta fitar a 2003, ya hau na 8 a 2011, ya kai na 4 a 2023. Prince ko sunansa babu a na 2003, a na ƙarshe kuwa yana na 14. Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce Sister Rosetta Tharpe. Jerin 2003 bai san da ita ba, na 2011 ma haka, amma a 2023 sai ga ta a na shida. Matar nan ta rasu tun 1973, ba ta ƙara taɓa tsirkiya ba bayan nan. Ashe ba hannun makaɗan ne ya canza ba, masu alƙalancin ne suka canza.

Ba na cikin masu cewa a daina wannan musu. Mu ma nan mun raba dare muna gardamar tsakanin Shata da Ɗanƙwairo da Narambaɗa wa ya fi, kuma ta hanyar irin wannan gardama ce yaro yake fara jin sunan wanda bai taɓa saurara ba, har ya je ya nemo. Abin da nake ƙi shi ne a yi musun babu mudu. In ka ce wane ya fi wane, da me ka auna? Saurin yatsa? Yawan faifan da aka sayar? Nawa mudun guda biyu ne. Na farko, in an rufe maka ido aka sa kiɗan, za ka gane mutumin kafin ya buɗe baki? Na biyu, bayan ya zo, sauran makaɗa sun ci gaba da kaɗa jita yadda suka saba, ko dole suka sake hannu?

Da wannan mudun, ba ni da ja a kan Jimi Hendrix, wanda duka jerin uku suka ba shi na ɗaya. Bahago ne, sai ya ɗauki jitar Fender Stratocaster ta na-dama ya kifa ta, ya sake jera tsirkiyoyin. Ya yi shekaru yana bin manyan mawaƙa irin su Little Richard da Isley Brothers yana yi musu kiɗa a gidajen rawar baƙar fata, ba wanda ya san da shi, har wani Bature mai suna Chas Chandler ya kai shi Landan a watan Satumban 1966. Ko mako biyu bai yi ba ya hau dandamali tare da ƙungiyar Cream, inda Clapton yake, a lokacin da samarin Landan ke rubuta wa Clapton kirari a bango har da na saɓo. Daga wannan daren labari ya sha bamban. Ƙarar da lasifika ke yi in jita ta matso kusa da ita, wadda kowane makaɗi yake gudu don ana ɗaukarta ɓarna ce, Hendrix ya kama ta ya mai da ita murya. A bikin Woodstock na 1969, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, ya kaɗa taken ƙasar Amurka, mutane suka ji faɗuwar bama-bamai da kururuwa a cikin tsirkiya shida. Shekara huɗu kacal ya yi a idon duniya, ya rasu a Landan ranar 18 ga Satumban 1970 yana ɗan shekara 27. Har yau duk yaron da ya jona jita da lantarki, ko ya sani ko bai sani ba, a gonar Hendrix yake kiwo.

Matsalata tana farawa ne daga na biyu. Dubi jerin 2011: bayan Hendrix sai Clapton, sai Jimmy Page, sai Keith Richards, sai Jeff Beck. Turawan Ingila huɗu a jere, sannan aka tuna da B.B. King a na shida, Chuck Berry a na bakwai. Alhali duk huɗun nan, da bakinsu, sun sha faɗin cewa a gindin faifan baƙaƙen Amurka suka koyi sana'ar. Keith Richards bai taɓa ɓoye cewa hannun Chuck Berry ya kwaikwaya ba. Sunan ƙungiyarsu ma, Rolling Stones, daga wata waƙar Muddy Waters, baƙin mawaƙin Amurka, aka ɗauko shi.

Yadda aka yi ɗalibi ya sha gaban malami ba wani sirri ba ne. Kiɗan blues ya tashi ne a kudancin Amurka, a cikin jikokin bayi masu noman auduga, a zamanin da doka ta raba baƙi da fari har a wurin shan ruwa. Faifansu ma ajinsa daban, kasuwarsa daban, kuma manyan gidajen rediyo ba su cika sa shi ba. Sai faya-fayan suka tsallaka teku, Muddy Waters ya je Ingila da jitarsa ta lantarki a 1958, samarin can suka haddace salon, suka dawo da shi Amurka a tsakiyar shekarun 1960 da farar fuska da dogon gashi. A lokacin ne kasuwa ta buɗe. Kuɗi da talabijin da bangon mujallu suka bi masu dawo da kayan, masu kayan kuwa suna gefe. B.B. King, wanda ya yi wasa 342 a cikin shekarar 1956 kaɗai, sai da ya haura shekara arba'in kafin matasa farare na ƙasarsa su cika masa zaure, kuma a 1969 shi ne yake buɗe wa Rolling Stones fage. Wani lokaci ma abin ya wuce aro. Willie Dixon, marubucin waƙoƙin blues, sai da ya kai Led Zeppelin, ƙungiyar Jimmy Page, ƙara a 1985 a kan baitukansa da suka ɗauka ba su sa sunansa ba, aka sasanta a wajen kotu. Ita kuwa mujallar Rolling Stone, da aka kafa a San Francisco a 1967, ta girma ne tare da waɗannan samari, su ne jaruman ƙuruciyar marubutanta, don haka da aka ce su jera gwanaye sai suka jera abin da suka taso suna ji.

A nemi hoton bidiyon Rosetta Tharpe na watan Mayun 1964 a kalla. Wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa ce a Manchester, an yi ruwa, daɓen ya jiƙe. Keken doki ya kawo ta, ta sauko da doguwar kwat da takalmi mai tsini, kamar mai zuwa coci ranar Lahadi, tana 'yar shekara 49. Masu kallo matasa ne, suna zaune a ɗaya gefen, layin dogo ya raba su da ita. Ta rataya farar jitar lantarki, ta buga, ta ja tsirkiya ta sake ta, tana takawa tana murmushi. Duk abin da ake kira rock yana cikin wannan hannun, kuma ta fara sa shi a faifai tun 1938, Clapton ko haifarsa ba a yi ba. Waƙoƙin coci take yi, shi ya sa masu rubuta tarihin rock suka daɗe suna tsallake ta, ga shi kuma mace ce. Jerin 2003 mata biyu ne kawai a cikin ɗari, na 2011 ma biyu. Kabarinta a Philadelphia ya yi fiye da shekara talatin babu ko alamar suna, kuma sai 2018 aka shigar da ita zauren karrama gwanayen rock. Matsayi na shida da aka ba ta a 2023 ba alfarma ba ce, bashi ne aka biya a makare.

Akwai kuma masu auna gwaninta da gudu, su ce wane yana zuba sauti ashirin kafin ka ƙifta ido. Ban raina wannan ba, aiki ne na shekaru, kuma Van Halen ya cancanci matsayinsa domin ya zo da hannun da ya sa kowa komawa makaranta a ƙarshen shekarun 1970. Amma in gudu ne mudu, da B.B. King bai shiga ɗari ba. Shi da kansa ya sha cewa bai iya haɗa tsirkiyoyi da yawa a bugu ɗaya ba, kuma ba ya kiɗa da waƙa lokaci guda: in ya rera baiti sai ya yi shiru, jitar ta amsa masa, kamar mawaƙi da 'yan amshinsa. Ka lura da hannunsa na hagu. Yatsa ɗaya ne a kan tsirkiya, sauran a buɗe, wuyan hannun yana kaɗawa kamar fiffiken malam-buɗe-littafi, sautin yana rawa yana ja har sai ya zama kukan mutum. Sauti ɗaya tak ya isa ka ce wannan B.B. ne. Jitar ma suna gare ta, Lucille. A 1949 gobara ta tashi a wani gidan rawa a garin Twist na jihar Arkansas, bayan wasu maza biyu da ke faɗa sun ture duron kananzir ɗin da ake jin ɗumi da shi. Ya fita, sai ya tuna jitarsa ta dala 30, ya koma cikin wuta ya ɗauko ta. Da ya ji cewa a kan wata mata mai wannan suna aka yi faɗan, sai ya raɗa wa jitar, don kada ya sake irin wannan ganganci.

Bahaushe bai kamata a sha wahalar fahimtar da shi wannan ba. Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya ya yi zamaninsa, a jikin kuntigin da bai fi tafin hannu ba, kuma ba wanda ya taɓa jin bugu biyu ya tambaya wane ne. Shi da B.B. King a shekara ɗaya suka rasu, 2015, ɗaya a Mayu ɗaya a Yuni. Da yawa daga cikin yaran Mississippi da suka zama gwanayen blues su ma da tsirkiya ɗaya suka fara, wayar tsintsiya da ake kafawa a bangon gidan katako, a sa kwalba a ɗame ta.

Shi kuwa Clapton, a ganina na biyu ya yi masa yawa, na 35 kuma ya yi kama da horo. Kalaman ƙyamar baƙi da ya yi a dandamali a Birmingham a 1976 abin kunya ne, balle daga bakin mutumin da ya ci abinci da kiɗan baƙar fata, kuma ina zargin su da surutansa na lokacin korona sun yi tasiri a zukatan masu zaɓen. Amma jerin na makaɗa ne, ba na masu hali ba. Ya cika sharuɗɗan nan biyu, ana gane hannunsa, kuma faifan da ya yi da John Mayall a 1966 ya canza yadda ake son jin jitar lantarki. Bai kuma ɓoye malamansa ba: ya yi faifai tare da B.B. King a 2000, ya yi wani na waƙoƙin tsohon gwanin blues Robert Johnson a 2004. Wurinsa yana cikin ashirin na farko, a bayan mutanen da ya koya a wurinsu. Cikinsu har da T-Bone Walker, wanda yake kaɗa jitar lantarki a bayan ƙeya tun Hendrix yana jariri, wanda kuma B.B. King ya ce jin faifansa ne ya sa shi neman jitar lantarki.

Na san abin da za a ce mini: ai tasirin ma kasuwa ce ke yin sa, wanda ba a ji shi ba ba zai canza hannun kowa ba. Gaskiya ne, kuma nan ne kalmar "duniya" da ke kan waɗannan jeri take ba ni haushi. Franco Luambo na Kwango ya juya kiɗan jita daga Kinshasa har Nairobi shekara talatin, ƙasashe sun yi rawa da hannunsa, amma sai 2023 ya samu na 71. Ali Farka Touré na Niafunké a Mali, wanda Turawa suka yi ta kwatanta shi da gwanin blues John Lee Hooker, yana na 76 a 2003, yayin da Ry Cooder ɗan Amurka, wanda suka yi faifai tare suka ci kyautar Grammy, yake na 8. Tasirin da aka yi a Landan ana ƙirga shi, wanda aka yi a Bamako ko Agadas kuwa sai wani Bature ya je ya gano shi tukuna.

Mdou Moctar, Buzu ɗan jihar Tawa a Nijar, ya shiga jerin 2023. Shi ma bahago ne. Jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke ya haɗa ta, domin a gidansu ba a yarda da kiɗa ba. Faifansa na farko a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin gyaran muryar nan na waƙoƙin finafinan Hausa, kuma bai bi ta kanti ba: daga waya zuwa waya ya yi ta yawo, ta Bluetooth da memori, har ya ratsa Sahara. Shekaru kafin wani marubuci a Amurka ya san sunansa, samari a Agadas da Abalak sun riga sun san hannunsa, suna gayyatarsa bikin aure.