Ranar Talata kuka je Elmina, kuma kuna zagin masunta?

Na ga bidiyon yawon buɗe idon da kuka je Elmina, garin masunta a gaɓar tekun Gana, don Allah ku daina turo min. Na ga hajiyar da ta toshe hanci da gyale a kan gadar tafkin Benya, na kuma ji saurayin da ke cewa wai masuntan Elmina malalata ne, rana tsaka suna zaune a gindin kwale-kwale babu mai shiga ruwa. Sannu da aiki, malam mai bincike. Ko ƙafarka ba ta gama miƙewa daga zaman bas ba, har ka gano ciwon Fanti, mutanen wannan gaɓar.

Talata ce fa! Ranar Talata aka kwashe ku daga unguwar Nima a Accra, aka bi da ku Winneba, Apam, Anomabo, Cape Coast har Elmina, alhali a wannan gaɓar ba a fita su ranar Talata tun kaka da kakanni. Ranar ɗinkin taru ce, da toshe ɓarakar kwale-kwale, da duba inji. Dattijon da kuka cusa wa waya a fuska ba ko sallama, aiki yake yi, shi ya sa bai ɗago ba.

Wani ya rubuto min wai ai camfi ne, wai sun ce ranar ce teku ke hutawa. To sai me? Wa ya ce ka yi imani da shi? Kai da kake rufe shago ka tafi Juma'a, in baƙo ya ɗauki hoton ƙofarka ya yaɗa cewa 'yan Zango ba sa son nema, daɗi za ka ji? Wata kuma wai sun biya kuɗi. Kuɗin kujera kika biya, Hajiya, da shinkafar roba. Masunta ba su karɓi ko sisinki ba. In akwai mai laifi, wanda ya tsara tafiyar ne, da ya yi muku alkawarin ganin ana sauke kifi bai duba ranar ba. Talata. Ko yaron da ke sayar da ruwan leda a tashar Cape Coast da ya gaya masa.

Abin da ya fi yi min ciwo shi ne mutanen nan ba su cikin daɗi. Ƙananan kifin da talaka ke ci sun yi ƙaranci a tekun Gana. Manyan jiragen kamun kifi sun yi shekara da shekaru suna kwashe rabon masu kwale-kwale, su daskarar, su sayar musu a tsakiyar teku, cinikin da ake kira saiko, kuma Elmina ce babbar matattararsa a lokacin. A 2019 gwamnati ta fara rufe wa masu kwale-kwale teku na wata guda don kifi ya hayayyafa. Man injin da ake ba su da rangwame ma sai an yi layi. Mutum ya kwana kan igiyar ruwa ya dawo da abin da bai biya kuɗin mai ba, sannan kai ka sauko daga bas mai sanyi ka kira shi malalaci.

Ƙarnin kuma da kuke ta yamutsa fuska a kai, na matan da ke banda ne a murhun Chorkor, hayaƙi na cin idonsu. Shi ne kifin da ke tafiya Kumasi da Tamale, shi ne a miyarku.

An ce kun daɗe a tsohon ginin da aka riƙa tsare bayi, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, kuna hoto a ƙofar da aka riƙa fitar da bayin. Madalla. Amma masu ran da ke ƙarƙashin ganuwar ba su samu ko barka da rana ba. In ma Talatar kuke so, da kun bari sai ta farkon Yuli, ku ga Bakatue, bikin buɗe su a tafkin Benya.

Af, duk wanda zai sake bi ta Yamoransa ya tsaya bakin hanya ya sayo min dokunun Fanti, dafaffen ƙullun masarar nan, na cikin busasshen ganyen ayaba. Wanda ake kawowa unguwarmu sam ba ya tsami, kuma sai ƙanƙancewa yake yi kuɗin na hawa.