Ƙudan zuma ya yi sammako, mai feshi ma ya yi sammako

Idan kankana ta zubar da fure a garakan Jiratawa ko na bakin tabkin Madarunfa a jihar Maradi, mai iri ne ke shan zagi, daga nan sai taki. Ba kasafai ake tambayar ina ƙudan zuma ya shiga ba, alhali a ganina daga can ya kamata a faro.

Kankana da kabewa da guna furensu biyu ne, namiji daban, mace daban. Furen da safe yake buɗewa, kuma kwana ɗaya ke gare shi. In ƙwaro bai kwaso garin namijin ya kai wa macen sau da yawa ba, ɗan ya faɗi ko ya fito a karkace. Gero da dawa ba ruwansu, iska ke yi musu wannan aiki, wataƙila shi ya sa ba mu taɓa ɗaukar ƙudan zuma ɗan gandu ba.

To ga bazarar Maradi, Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40. Cikin amya kuwa, wajen da ƴaƴan suke, dole ya tsaya kusan digiri 35. Da rana ta take, ma'aikatan da ya kamata su bi fure sai su koma jigilar ruwa da fifita da fukafukai don kada gidan ya dahu. Shi kansa garin furen zafi na kashe shi. Abin da ya rage na aiki ɗan lokacin nan ne daga fitowar rana zuwa hantsi.

Daidai wannan lokacin ne manomi ke goya famfon feshi, shi ma yana gudun rana. Ban ga laifinsa ba, wa ke son yawo da tanki a baya da azahar? Amma maganin da ya sauka kan buɗaɗɗen fure ba ya tambayar wane ƙwaro ne abokin gaba.

Zafin dai ba mu da ta cewa a kansa yau. Feshi kuwa ana iya mayar da shi bayan la'asar sakaliya, furen ya rufe. Kasko da ruwa da ƴan tsakuwa a inuwa don ƙudan zuma ya sha ba ya cin ko dala. Gawo kuma, wanda manoman jihar nan suka yi suna wajen raya shi da sauran itatuwa a gonaki tun shekarun 1980, da rani yake ganye da fure, sa'ad da daji ya bushe. Duk mai saran sa don icen girki ya rage wa kankanar maƙwabcinsa ma'aikata.