Faifan Goggo da jitar ranar Laraba

Shekara shida ke nan ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a arewacin Ingila. Duk ranar Laraba wata mata kan zo mana da jita. Muna da wata tsohuwa mai ciwon mantuwa, ko 'yar cikinta ba ta ganewa, amma da an kaɗa waƙar zamanin 'yammatancinta sai ta ɗago kai ta kama amshi, ko baiti ɗaya ba ya kuɓuce mata. A ranar ba ma fama da ita wajen cin abinci.

Mai jitar nan ba makaɗiyar biki ba ce. Digiri na biyu ta yi a kan jinya da kiɗa, tana da rajista da HCPC, hukumar da ke kula da wasu ma'aikatan lafiya a Birtaniya, wadda masu gashin ƙashi ma a wurinta suke rajista. Abin ya daɗe a nan. Tun 1942 wani mai zane, Adrian Hill, da ya yi jinyar tarin fuka, ya lura zane na rage wa majinyata ƙunci, ya raɗa wa abin suna "art therapy", wato jinya da zane. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara bincike sama da 3,000 a kan fasaha da lafiya.

Ni kuwa duk Larabar Goggona nake tunawa, can Jahun cikin garin Bauchi. Da Malam ya rasu ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, sai ta ɗauke wuta. Ba ci, ba barci, ba magana. Kowa ya shigo, "Goggo, sai haƙuri." An yi tofi, an sha rubutu, kuma ban raina ko ɗaya ba. Sai wata maƙwabciya ta fara shigowa bayan la'asar da kaba da rini, ta shimfiɗa tabarma tana saƙar faifai, ba ta tambayar ta komai. Kwana na biyar Goggo ta miƙa hannu ta karɓi allurar. Sai a faifai na uku ta fara zancen Malam, tana kuka, hannun bai tsaya ba.

To me ya raba maƙwabciyar nan da mai jita? Horo da albashi. Mai jita ta san lokacin da za ta ce wannan ya fi ƙarfin waƙa, a kira likita. Wannan sanin ne babu a wurinmu, shi ya sa mai ciwon damuwa kan shekara a ɗaki ana cewa iskokai ne. Amma kayan aikin muna da su tuntuni: lugude, waƙar niƙa da mace ke amayar da baƙin cikinta a kan dutse, gaɗa, ɗinkin hula, zayyanar allo. Injin niƙa da waya suna ta cinye su, ba mu ankara da abin da ke tafiya tare da su ba.

Ban ce faifai ya maye gurbin magani ba. Mai taɓin hankali asibiti za a kai shi. Sai dai likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ba za ta haifo su dare ɗaya ba. Ɗaki guda nake roƙo a asibitin koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, da tabarmi, da kaba, da ma'aikaciyar jinya da aka horar, a ɗauki irin maƙwabciyar Goggo ta zauna tare da ita, a riƙa biyan ta duk wata.