Ciwon taurin fata ya fi kama mata, amma ya fi yi wa maza illa

A ciwon da likitoci ke kira sikilarodama, garkuwar jiki ce ke juya wa mai ita baya. Fata ta yi tauri, ƙananan jijiyoyin jini su tsuke, daga baya abin ya taɓa huhu, zuciya ko ƙoda. Duk namiji ɗaya da ya kamu, akwai mata uku ko fiye. Shi ya sa ake masa kallon ciwon mata, kuma a ganina wannan kallon yana cutar da maza.

A jikin mace taurin ya fi tsayawa a yatsu, hannu da fuska. Takan yi shekaru yatsunta suna ƙandarewa da zafi, suna sauya launi lokacin sanyi kafin wani abu ya biyo baya. Babban haɗarinta can gaba shi ne hawan jini a jijiyoyin huhu, don haka ake son hoton zuciya duk shekara.

Namiji kuwa ya fi samun nau'in da ke bazuwa, wanda taurin ke wuce gwiwar hannu ya hau ƙirji da ciki cikin watanni. An fi ganin alamar Scl-70, wani sinadarin garkuwar jiki da gwaji ke nunawa, a jininsa, ita ce kuwa ke tafiya da tabon huhu. Zuciyarsa ma ta fi taɓuwa, kuma ya fi mace saurin mutuwa da ciwon.

Sana'a na da hannu. Tun 1957 likita Erasmus ya lura da yawan ciwon a masu haƙar zinare na Afirka ta Kudu, saboda ƙurar dutse da suke shaƙa. Wannan ƙurar ce masu fasa dutse da masu niƙa dutsen zinare a Zamfara ke wuni a ciki. Namiji ya zo da kumburarrun yatsu, ƙwannafi da tabo fari-fari a fata, a tambaye shi aikinsa, a gwada numfashinsa, a yi hoton CT na ƙirji tun farko. Kada a jira ganin yatsu sun sauya launi, a baƙar fata ba ya fitowa sosai.

Sai maganar prednisolone, wanda ake saye a kemis don ciwon gaɓoɓi. Daga miligiram 15 a rana zuwa sama yana iya tayar da rikicin ƙoda, musamman a nau'in mai bazuwa. Mai wannan nau'in ya riƙa auna hawan jininsa a gida, in ya hau farat ɗaya ya tafi asibiti a ranar, domin maganin hawan jini captopril da ire-irensa sun fi ceton ƙoda in an fara da wuri.