Wai gidan damin kara ashana ɗaya ce ta ishe shi?

Da an ce gidan da aka gina da damin karan alkama ko na shinkafa, sai ka ji mutane na cewa ai ashana ɗaya ta gama da shi. Gaskiya ba haka abin yake ba.

Karan da ke watse a fili kam yana cin wuta nan da nan, shi ya sa ake taka-tsantsan lokacin gini. Amma wanda inji ya matse tam ya ɗaure, aka jera shi kamar bulo sannan aka yi masa yaɓe mai kauri ciki da waje da laka ko farar ƙasa, iska ba ta samun shiga, wuta kuwa in ba iska sai dai ta babbake saman damin ta tsaya. A gwajin da aka yi a Amurka a 2006 bango mai yaɓen laka ya jure wuta awa ɗaya, mai siminti da farar ƙasa awa biyu.

Kuma ba sabon abu ba ne fa, akwai coci a garin Arthur na jihar Nebraska ta Amurka da aka gina da dami tun 1928, har yau tana tsaye.

Abin tsoron ma ruwa ne. In danshin karan ya wuce kashi 20 cikin 100 ya daɗe a haka, ruɓewa zai fara, don haka ake ɗaga harsashin ginin daga ƙasa, a bar rufi ya zarce bango sosai, a guji fentin da ke kulle danshi a ciki.