Ba duka ƙungiyoyi ne suka yi shiru don tsoro ba

Mai wani labari ya ce ƙungiyoyin farar hula da na ƙwadago a Nijar sun yi gum ne a ƙarƙashin mulkin soja saboda tsoro. Malam, da sauran magana. Mu da muke Yamai a 2009 mun ga lokacin Tazarce, da Shugaba Mamadou Tandja, mai neman zarcewa kan mulki, ya rushe majalisar dokoki da kotun tsarin mulki, ya yi zaɓen raba gardama ranar 4 ga Agusta. Manyan sandika, wato ƙungiyoyin ƙwadago, sun haɗa kai sun kira yajin aiki, an kama ɗan gwagwarmayar farar hula Marou Amadou. Tsoro bai hana su ba.

To me ya biyo baya? A 2011 Marou ya zama ministan shari'a. Kuma a ƙarƙashin gwamnatin da yake ciki aka tsare jagororin farar hula Moussa Tchangari da Ali Idrissa da Nouhou Arzika a 2018, kan zanga-zangar adawa da dokar kasafin kuɗi. Daga nan talaka ya fara kallon gwagwarmayar a matsayin tsanin hawa kujera, ko da kuwa akwai masu gaskiya a ciki. Shi ya sa da sojoji suka karɓi mulki a Yulin 2023, irin su M62, gamayyar ƙungiyoyin farar hula, tafi suka yi, jama'a kuma suka bi.

'Yan kasuwa kam ba na ganin laifinsu sosai, su dai a buɗe iyakar Benin kaya su shigo. Sandikan malamai na maganar albashi, wanda haƙƙinsu ne. Amma an sake kama Tchangari a Disamban 2024, an rushe jam'iyyu a 2025. Ƙungiya nawa ta fito ta ce uffan?